Akwatin Tsohuwar da Ba Mu Buɗe Ba

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan da suka ƙera wasan jar riga, a kowace ƙasa kuke,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da aiki, ina gaida iyalanku manya da yara, da fatan wannan takarda za ta iske ku lafiya. Ku yi mani afuwa tun farko, ban san sunan ko ɗaya daga cikinku ba. An ce mani sunayenku suna fitowa ne a ƙarshen wasa, idan mutum ya gama. Ni ban gama ba. Abin da ya sa na rubuto ke nan.

Sunana Balki. Ina zaune a Dakoro, cikin jihar Maradi, a ƙasar Nijar. Bana na gama firamare, in an koma daga hutu zan shiga kolej in Allah ya yarda. Ni ba mai magana ba ce. A lakwal, wato makarantar boko, in mushe, malaminmu, ya kira sunana, amsar tana bakina amma sai ta tsaya a maƙogwaro, har ya gaji ya kira wata. Ko kasuwa aka aike ni, bayan mutane nake tsayawa har mai kaya ya gan ni da kansa. Na faɗi wannan ne don kada ku ɗauka rashin kunya ya sa na rubuta wa manya. Madam Rabi, mai kula da ɗakin karatu na unguwarmu, ita ta ce in rubuta abin da ke cikina da Hausa yadda na iya, ita kuma za ta sa shi a intanet, wataƙila wani ya kai maku.

A ɗakin karatun nan akwai wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, da aka ba su kyauta tun kafin in san wurin. Wasanku a cikinta ya zo. Sunansa ba Faransanci ba ne, ba mai iya faɗinsa daidai, shi ya sa muke ce masa jar riga, don yarinyar da ake tafiya da ita cikin wasan jar riga gare ta. Sauran yara ba su da haƙurin yinsa, sun fi son na ƙwallo da na tseren mota. Madam ta ce wasan ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma a zamaninsa duniya ta so shi, har yanzu akwai masu yabonsa. Ban musa ba. Ni ma na so shi. Da ban so shi ba, da bai ɓata mani rai haka ba.

Ga abin da ke gabana. Kafin a buɗe lakwal wani mai gyara zai zo daga Maradi ya wanke cikin ordinatar kakaf, ya zuba darussa. Duk abin da ke ciki zai tafi. Cikin abin da zai tafi akwai tafiyar da muka yi ni da ƙawata Azara, rani guda cur, wadda ta kawo mu bakin ƙofar ƙarshe, ƙofar kuma ta ƙi buɗewa. So nake in buɗe ta kafin mai gyaran ya zo.

Azara ɗiyar makiyaya ce daga arewacin Azagor. Babana shi ne mai masaukin babanta in ya kawo dabbobi kasuwa. Bara da kaka innarta ta kwanta ciwo, aka kawo ta asibiti nan Dakoro, likita ya ce sai ta zauna kusa ana duba ta. Aka ba su ɗaki a gidanmu, Azara ta zauna jinya. Ta girme ni kaɗan, ba ta yi lakwal ba. Hausarta tana ɗan karkata, yaran layinmu suna kwaikwayonta, ita ko a jikinta. Mun daɗe gida ɗaya ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Ran nan zaman gida ya ishe ta, ta biyo ni ɗakin karatu, ta tsaya bayana. Ta iske ni na ɓace cikin wani daji na wasanku, ina ta zagaye wuri ɗaya. Ta sa yatsa a gilashin ordinatar ta ce wannan itacen mun wuce shi ɗazu, in bi hagu. Na bi hagu, muka fita. Tun daga ranar muka raba aiki. Ni ke karanta abin da mutanen wasa ke faɗi in juya mata da Hausa, ita ke riƙe hanya. Muka sake wasan daga farko don ya zama namu mu biyu, muka raɗa wa mai jar riga suna Azabal, rabi nata rabi nawa. Madam ta yi dariya ta ce sunan ya yi kama da azaba. Ashe ba ta yi ƙarya ba.

Ban taɓa yin ƙawa ba kafin ita.

Yanzu ga ƙorafina, zan bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Madam ta ce manya sun fi ganewa.

Na ɗaya, maganar kuraye. Cikin wasanku mutum ba ya tafiya daga gari zuwa gari da kwanciyar hankali. Ka yi taku kaɗan, sai gilashi ya yi walƙiya, kiɗa ya canza, ga wasu dabbobi masu kama da kura sun tare hanya. Ka kashe su, ka yi gaba kaɗan, ga wasu irinsu sak. Ba a hango su daga nesa balle a kauce. Azara, wadda aka haifa a daji, ta ce tun da take ba ta ga dajin da kura ta fi ciyawa yawa ba, in ma akwai shi, mai hankali ba zai kafa gari a tsakiyarsa ba. Abin da ya fi ba ta dariya shi ne in kura ta mutu sai a iske kuɗi a jikinta. Ta ce in na taɓa haɗuwa da ku in tambaye ku wace sana'a kurayen ƙasarku ke yi. Da wasa na amsa mata a lokacin, to ga shi na tambaya. Amma abin ba duka ne na dariya ba. Lokacin da ake ba mu a ordinata kaɗan ne, tsakanin azahar da la'asar, ranakun da ba lakwal da marece. Akwai ranakun da muka shiga muka fito ba mu ga sabon abu ko ɗaya ba sai kisan kuraye, don wani dodo da ke bakin gada ya fi ƙarfinmu, kuma ba ku ba da wata hanyar ƙara ƙarfi ba sai wannan. Aikin ya fi surfe gajiyarwa. Surfe ma in an gama akwai tuwo.

Na biyu, maganar ajiya. Ba ku yarda mutum ya ajiye tafiyarsa inda ya ga dama ba, sai ya kai wurin wata shuɗiyar fitila, fitilun kuma nesa da juna kuka dasa su. Wataƙila a ƙasarku kuran, wato wutar lantarki, ba ya ɗaukewa, kuma ba uwar da ke aikowa a kira ɗiyarta ta zo ta hura wuta. A nan ana yin duka biyun. Ranar da muka kada dodon gada, bayan mun sha kashi a hannunsa har mun daina ƙirgawa, Azara ta miƙe tsaye tana tafi, Madam ta ɗago kai ta ce mu tuna ɗakin karatu ne ba dandali ba. Muna hango fitilar can gaba, ba mu kai gare ta ba, kuran ya tafi. Gilashi ya yi baƙi, muka ga fuskokinmu a ciki. Da ya dawo, dodon na nan bakin gada kamar ba abin da ya same shi. Azara ta gyara zama, muka sake. Bayan wannan kuma, wurin ajiyar guda ɗaya tal kuka yi. Duk ajiyar da aka yi tana danne ta bayanta. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Na uku, mutanen cikin wasa. Nan sai in fara da godiya. A wasanku ne na fara tunkarar mutum in yi masa magana gabana bai faɗi ba. Sarki, maƙeri, mai gadi, duk na tsaya gabansu. Ba wanda ya ce in ɗaga murya ba ya ji. Wannan alheri ne, ban manta ba. Amma mutanen nan naku magana ɗaya kuka sa wa kowa a baki. Akwai wata mata da ɗanta ya ɓace, muka sha wahala muka samo shi cikin kogo, muka kawo mata. Da muka sake biyowa ta garin muka je gaishe ta, yaron yana tsaye gefenta, ita tana ta faɗin ɗana ya ɓace, wa zai taimake ni. Azara ta ce ko dai matar ta taɓu ne. Ni dai ban ji daɗi ba, na ji kamar wahalar da muka sha ba wanda ya gani. Faransancin da kuka sa masu kuma a murɗe yake, baƙaƙen ƙanana, wasu kalmomin ko a ƙamus ɗin Madam babu su. Sau da yawa cikon maganar daga kaina nake yi wa Azara, don kada ta ga ban iya ba. Ta sani, ba ta taɓa tona ni ba.

Sannan a wasanku ba a sallama. Tura ƙofa ake yi a faɗa gidan mutane, mai gida yana tsaye tsakar ɗaki yana kallon bango, ba ya cewa komai. Abin ya dame ni tun ina yi ni kaɗai. Azara ce ta samo magani. Duk ƙofar da za mu shiga sai ta yi sallama da bakinta, ni in amsa a madadin masu gida, sannan ta danna. Da farko don raha muke yi, ina amsawa can ƙasa-ƙasa. Daga baya ya zame mana jiki, har in ta manta ni ke zungurinta. In gidan maƙeri ne sai in yi muryar ƙato, in na tsohuwa ne in yi mai rawa. Madam ta gaya wa Inna cewa tun da nake zuwa ɗakin karatu, sai bana ta ji muryata daga inda take zaune.

Na huɗu gajere ne. Wani ƙato mai gatari da kuka haɗa mu da shi don ya taimake mu, duk ɗakin da muka shiga sai ya tsaya cikin ƙofa ya hana mu fita. Ba ya gaba, ba ya baya. Azara ta ce jakinsu ya fi shi sanin inda ake tsayawa.

Na biyar shi ne dalilin wannan takarda, sauran duk da na haƙura da su.

Tun a garin farko na wasanku, wata rana hannun Azara ya kuskure a kasuwa, ta danna abin da ba shi ba, Azabal ta ɗauki gurasa daga teburin mai sayarwa. Nan take masu gadi suka kewaye mu, suka doke mu, suka kai mu kurkuku, rubutu ya fito cewa mutanen gari sun daina ganin girmanmu. Kunya ta kama mu kamar da gaske. Amma mun ji daɗin abu guda: mun gane cewa ƙasar wasanku tana da doka irin tamu, kayan mutane na mutane ne. Ku kuka koya mana wannan, da hannunku. Daga ranar, abin da muka tsinta a daji ko a kogo muna ɗauka, abin da ke cikin gida mai mutum ba ma taɓawa.

Can tsakiyar tafiya, bayan mun ratsa wani fili mai dusar ƙanƙara, jinin Azabal ya kusa ƙarewa, maganinmu ya ƙare, muka hango wata bukka ita kaɗai a gindin dutse. Azara ta yi sallama, na amsa, muka shiga. Wata tsohuwa ce a ciki. Ba ta tambaye mu ko mu su wane ne ba. Ta ba mu ruwa, ta ba mu abinci, ta ce mu kwanta a gadon ɗanta. Ta ce ɗan nata mai gadin wata babbar ƙofa ne, ya tafi yaƙi bai dawo ba, abin da ya rage mata nasa duka yana cikin akwatin nan. Akwatin yana kan gadon ta wajen kai, yana ɗan ƙyalli. Da Azabal ta farka ta samu ƙarfi, Azara ta matsa da ita za mu fita, muka gifta ta gaban akwatin, rubutu ya fito yana tambaya ko a buɗe. Na karanta mata. Muka dubi juna.

Azara ta ce, "Mun sha ruwanta."

Iyakar shawarar da muka yi ke nan. A wurinsu Azara, wanda ya ba ka ruwa a daji ko jakarsa ba ka kallo. A gidanmu ma, baƙon da ya kwana ya buɗe akwatin mamaci, ban san da wane suna za a kira shi ba. Duk da haka ba mu fita haka nan ba. Mun koma wurin tsohuwar mun yi mata magana, mun sake, mun sake, ko za ta ce ga wani abu ku tafi da shi. Maganarta ɗaya ce, irin ta mutanenku: ɗana ya tafi yaƙi bai dawo ba. Muka yi mata ban kwana da bakinmu muka wuce.

Gaba kaɗan da bukkar akwai wata matsattsiyar hanya tsakanin duwatsu. Muna fita daga cikinta dutse ya rufto bayanmu ya toshe ta. Ba ku yi mana gargaɗi ba. Ba wanda ya ce ku duba kayanku, daga nan ba komawa. Muka iske shuɗiyar fitila a gaba, muka yi murna, muka ajiye. Wannan ajiyar ta danne ta bayanta, kamar yadda na gaya maku. Muka ci gaba da tafiya sauran ranin, muna ajiyewa, muna dannewa, ba mu san cewa tun a bukkar nan kuka riga kuka yanke mana hukunci ba.

Da bazara muka iso ƙofar ƙarshe. Babba ce, baƙa, kiɗan wurin ma daban ne. Azara ta yi sallama, na amsa da murya mafi girma da na iya, ta danna. Rubutu ya fito cewa ba mai wucewa sai mai ɗauke da zoben mai gadi. Muka ce to, zobe ne, za mu nemo. Muka koma duk inda ake iya komawa. Azara ba ta manta lungu, ta bi da mu kowane kogo, kowace rijiya, kowane kango. Muka tambayi kowa, kowa ya maimaita mana maganarsa ta jiya. Muka kashe kuraye har na daina ganin su. A gida kuma innar Azara ta fara tashi tana zagayawa, hadari ya fara haɗuwa ta gabas da marece, babanta ya aiko cewa ruwan farko na sauka zai zo ya kwashe su. Muna jin lokaci yana ƙurewa, ba mai faɗa wa ƴar'uwarta.

Madam ce ta gaji da ganinmu haka, ta ɗauki wayarta ta bincika. Ba ta daɗe ba ta samu. Zoben yana cikin akwatin tsohuwar. Ba wani a duk faɗin wasan. Wanda ya wuce dutsen nan ba tare da shi ba, sai dai ya sake daga farko. Masu rubutu a intanet sun ce ai kowa ya san a irin wannan wasa kowane akwati ake buɗewa, a kowane gida, ko mai gida yana kallo. Wani ma ya rubuta cewa sai wawa ke wuce akwati. Madam ta yi sauri ta ja rubutun sama don kada in gani, amma na riga na karanta.

Na juya wa Azara da Hausa, ban da maganar wawan. Ta ce in sake karantawa, wataƙila Faransancin ne ya murɗe mani. Na sake. Sai ta juya wurin Madam ta tambaye ta, cikin ladabi, ko ke nan duk waɗanda suka ga ƙarshen wasan nan a duniya sun buɗe akwatin tsohuwar. Madam ta ce haka ne. Azara ta ce to. 

Ranku ya daɗe, ina tambaya, ba don raini ba. A kasuwa kun doke mu saboda gurasa guda ta mutumin da bai san mu ba. A gidan wadda ta shayar da mu, ta kwantar da mu a gadon ɗanta, kun so mu buɗe kayan mamaci mu ɗauka, kuma da muka ƙi kuka rufe mana ƙofa. Wace ce dokarku a cikin biyun? In zoben dole ne, me ya hana ku sa tsohuwar ta miƙo shi da hannunta? Magana ɗaya za ku ƙara mata a baki. In ba ku so haka ba, me ya hana ku bar hanyar komawa, mu je mu durƙusa mu roƙe ta? Kun zana ƙanƙara, kun zana hayaƙin bukka yana tashi, kun tsara kiɗa mai sa mutum ya ji kewar gidan da bai taɓa gani ba. Mutanen da suka iya wannan duka, ban yarda ba su iya tunanin cewa wata rana wani zai zo ya ji kunyar akwatin ba. Ina ganin dai ba ku taɓa zaton irinmu za su yi wasanku ba.

Ana gobe za su tafi, bayan azahar, Azara ta ce mu je ɗakin karatu. Kayansu a ɗaure suke a zaure. Muka zauna inda muka saba, ita a dama ni a hagu. Ta kai Azabal bakin ƙofar ta tsayar da ita. Ta yi sallama. Na buɗe baki in amsa, muryar ta tsaya inda ta saba tsayawa a aji. Me zan amsa? Na san ko na ce a shigo ba za a shiga ba. Ta jira kaɗan, ta sake. Ta jira, ta yi ta uku. A makarantar allo an koya mana cewa in mutum ya yi sallama sau uku ba a amsa ba, sai ya juya, ba fushi. Ta juya Azabal ta ba ƙofar baya, ta ajiye tafiyar a wata shuɗiyar fitila da ke nan gefen ƙofar, ta ɗauke hannunta daga maɓallai, ta gyara mayafi, ta yi wa Madam godiya, muka fito. A hanya ba mu yi maganar wasa ba. Ta nuna mani hadari ta ce wannan ba zai zubar a nan ba, nasu ne.

Washegari motar kasuwa ta tafi da su. Inda suke waya ba ta shiga. Baba ya ce dabbobinsu sun ragu ƙwarai a ranin nan, bai sani ba ko babanta zai kawo wani abu kasuwar Dakoro bana, ko kuwa za su nausa gaba. Ban tambaye shi fiye da haka ba, shi ma bai ƙara ba.

Madam ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta ce tunda hutu ne za ta ƙara mani lokaci in sake daga farko, wataƙila in gama kafin mai gyara ya zo. Amma wurin ajiya ɗaya ne. In na fara sabo, ajiyar farko da zan yi ita za ta shafe Azabal, da hannuna. Ga shi ban san hanya ba in ba Azara, a dajin farko ma zan tsaya ina zagaye itace. In kuma na yi sa'a na kai bukkar, dole in buɗe akwatin. Sai Madam ta ce to bari ta nuna mani ƙarshen a waya, akwai waɗanda suka ɗauki hotonsa. Na ce ta bari. Wannan ƙarshen wani ne, da sunan wani, kuma mun san abin da ya yi kafin ya kai can. Inna ta ce wasa ne, in fitar da shi daga raina in kama shirin kolej. Na san wasa ne. Duk da haka ranakun da aka buɗe ɗakin karatu ina zuwa, in kunna, in iske Azabal tsaye ta ba ƙofa baya yadda Azara ta bar ta. Ba na taɓa komai. In saurari kiɗan kaɗan, in kashe, in ba masu ƙwallo wuri.

Don haka ina roƙonku abu uku, don girman Allah.

In akwai wata hanya da masu rubutun nan ba su sani ba, wani maɓalli, wata kalma, wata ɓoyayyiyar hanya ta komawa bukkar, ku rubuta a ƙarƙashin wannan takarda inda Madam za ta sa ta, kafin a buɗe lakwal. Ku kuka gina ƙofar, in da wanda ya san sirrinta ku ne. Ba don in yi alfahari nake so ba. So nake in Allah ya dawo da Azara, ko ya kawo wani daga wajensu, in samu abin da zan aika mata: an amsa, ga abin da ke ciki.

In babu, ku faɗa mani babu, a fili. Zan ji zafi, amma zan daina zuwa ina zama gaban gilashi, mai gyara ya yi aikinsa.

Na uku ba nawa ba ne. Madam ta ce wataƙila kun tsufa, wataƙila kun watse, wataƙila wasu ne ke yin irin aikinku yanzu. To duk wanda wannan ta iske, in za ku sake ƙera wani wasa, ku bar wa mutum wurin ajiya fiye da ɗaya, ku yi masa magana kafin ku rufto dutse bayansa, ku rage kuraye. Fiye da duka, kada ku ɓoye mabuɗin ƙarshe a inda mai kunya ba zai sa hannu ba.

Allah ya ba ku lafiya da tsawon rai, ya albarkaci aikinku da zuri'arku, ya sa duk ƙofar da kuka tsaya a bakinta a buɗe maku. In na faɗi abin da bai dace da yarinya ba, ku yafe mani, ban saba ba.

Ban san inda gidanku yake ba, wannan takarda ita ce sallamata a ƙofarku. Ta farko ke nan. An ce ana yin uku, amma ban san ko ina da ƙarfin rubuta biyu nan gaba ba, kuma mai gyara ba zai jira ba. Ina nan tsaye, ina saurare.

Wassalam.

Taku cikin girmamawa,
Balki, Dakoro